Ina son koyon rawar rok an rol don in shiga mutane, ta ina zan fara?

"Malam, ni da maiɗakina muna zaune a Ingila shekara huɗu ke nan, kuma na haura arba'in. Abokan aikina suna da wani wuri da suke zuwa rawar rok an rol duk daren Juma'a. Sun sha gayyatarmu ina ta kawo uzuri, don ban taɓa yin rawar da ake riƙe hannun wani ba. Da na duba YouTube sai na ga ana cilla mata sama ana cafewa, gabana ya faɗi. Mu ba gasa muke nema ba, so muke mu motsa jiki mu kuma san mutane. Ta ina ake farawa, wata nawa ake ɗauka, kuma dole ne sai kowannenmu ya yi rawa da wasu?"

Ɗan'uwa, in na fahimce ka, abu uku kake tambaya: wace rawa ce abokan aikinka suke yi, me mutum yake buƙata kafin ya iya tsayawa a fili har waƙa ta ƙare bai rikice ba, sannan yaya za ku yi da al'adar musayar abokin rawa. Bari in fara cire maka fargaba. Abin da ka gani ana cilla mace sama wasan gasa ne, dangin wasan tsalle-tsalle, wanda ya fi ƙarfi a ƙasashen Turai. Ƙungiyarsa ta duniya, WRRC, an kafa ta a 1984. Masu yinsa suna atisaye a kan katifu da mai horarwa, kuma kiɗansu yakan kai bugu 200 a minti ɗaya. A daren Juma'a na gama-gari babu mai ɗaga kowa daga ƙasa, yawancin wuraren ma sun hana, saboda filin a cike yake kuma diddigen wanda aka cilla zai iya samun fuskar na kusa. Abin da za ka tarar shi ne mutum biyu riƙe da hannu ɗaya, suna maimaita wani ɗan taku, mace na juyawa ta ƙarƙashin hannun namiji. Wanda ya iya takun nan a kan kiɗa, ya iya riƙon hannu mai laushi, ya kuma san juyi uku ko huɗu, ya ishe shi rawar dare guda. Sauran duk ƙari ne.

Asalinta, da dalilin da ya sa ta rarrabu

Rawar ta girmi kiɗan da aka ba ta sunansa. Tushenta Lindi Hop ce, wadda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a unguwar Harlem ta birnin New York a ƙarshen shekarun 1920, musamman a ɗakin rawa na Savoy da aka buɗe a 1926. Daga baya makarantun rawa suka rage mata wahala, suka tsayar da taku mai ƙirga shida don a iya koya wa kowa cikin 'yan makonni. Sojojin Amurka suka kai ta Ingila da sauran Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Ingila aka kira ta jaif. Da kiɗan rok an rol ya ɓarke a tsakiyar shekarun 1950, zamanin Bill Haley da Chuck Berry da Little Richard da Elvis Presley, matasa ba su ƙirƙiri sabon taku ba, wanda suka gada suka ɗora a kan sabon kiɗa, suka yi masa gyaran da ya dace da saurinsa.

Shi ya sa yau in ka ce "rok an rol" kowace ƙasa abin da take nufi daban. A Ingila kaɗai za ka iya cin karo da iri uku. Akwai jaif na makarantun rawa, wanda aka shigar cikin raye-rayen gasa na duniya a 1968, mai ɗaga gwiwa da tsalle-tsalle. Akwai jaif irin na shekarun 1950 da ake yi a wuraren masoya tsofaffin faya-fayai, ƙafa ba ta da aiki da yawa, juyi ne ya fi yawa. Akwai kuma jaif na zamani, wanda kamfanin Ceroc da aka fara a Landan a 1980 ya yaɗa, inda kusan ba a koyar da ƙafa sam, ana taka kowane bugu ne kawai. A Faransa suna da mai ƙirga shida da mai ƙirga huɗu, na biyun ya fi yawa a tsakanin ɗalibai.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: kada ka zaɓi salo daga intanet. Tambayi abokan aikinka wa yake koyarwa a wurin da suke zuwa, ko ku je dare ɗaya ku zauna ku kalli ƙafafun mutane. Tunda don shiga mutane kake so, salon da mutanen garinka suke yi shi ne daidai, ko da wani ya ce maka akwai wanda ya fi shi kyau. Zan bayyana mai ƙirga shida, don shi ne ya fi yaɗuwa, kuma wanda ya iya shi ba ya shan wahalar komawa sauran.

Kunne kafin ƙafa

Kiɗan yana tafiya ne huɗu-huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙaramar ganga mai ƙara tana faɗowa a kan biyu da huɗu, nan ne mutane suke tafi. Kafin ka motsa ƙafa, saka waƙa ka yi tafi a kan biyu da huɗu har ta ƙare ba ka kauce ba. Idan kana son sanin saurin waƙa, ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Mai koyo ya nemi waƙoƙin da suke tsakanin bugu 110 da 130 a minti. A filin rawa yawanci za ka ji daga 140 zuwa 180. Shahararriyar waƙar nan ta Bill Haley, Rock Around the Clock, wadda aka ɗauka a 1954, tana kusa da 180, don haka ba da ita ake fara koyo ba, ko da ita ce kowa ya fi sani.

Ga wani abu da yake rikita masu kunne mai kyau: kiɗa huɗu-huɗu, taku shida-shida. Wato "ɗaya" ɗinka ba kullum yake haɗuwa da "ɗaya" na makaɗa ba. Zagaye na farko ka fara a ɗayansu, na biyu ya faɗo a kan ukunsu, na uku ya sake komawa ɗaya. Wannan ba kuskure ba ne, haka abin yake. Abin lura kawai shi ne tafin nan ya riƙa faɗowa a kan biyu da huɗu da shida na ƙirgarka. Da yawa daga cikin waƙoƙin an gina su ne a kan baiti mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu, bugu 48 ke nan, wanda ya yi daidai da takunka sau takwas cif. Idan baiti ya zagayo ka ji kana kan "ɗaya", ba ka ɓata ba.

Takun kansa

A rawar akwai jagora da mabiyi. A al'ada namiji ke jagora, amma matsayi ne ba jinsi ba, mata da yawa suna koyon duka biyun. Zan ɗauka kai ne jagora, uwargida ita ce mabiyiya.

Kuna fuskantar juna. A kan ɗaya, ka ajiye ƙafar hagu a baya kaɗan, yatsunta dab da diddigen dama, ka ɗora nauyinka a kanta. A kan biyu, ka mayar da nauyin kan ƙafar dama, wadda ba ta bar wurinta ba. Wannan shi ne takun baya. Sai taku uku masu sauri zuwa hagunka a cikin bugu biyu, hagu, dama, hagu, ana ƙirga su "uku-da-huɗu". Sai wasu uku zuwa damanka, dama, hagu, dama, "biyar-da-shida". Ita kuma kishiyar naka take yi: ƙafar dama take kaiwa baya, ta dawo kan hagu, sannan dama-hagu-dama, hagu-dama-hagu. Lura cewa a takun baya ku biyun baya kuke yi, kuna nisantar juna, ba ɗaya na bin ɗaya ba.

Sauya nauyi sau takwas ke nan a cikin bugu shida. Ga yadda za ka gane ko ka yi daidai: a ƙarshen shida dole nauyinka ya kasance a kan dama, ƙafar hagu a sake, za ka iya ɗaga ta ba tare da ka yi tangaɗi ba. Idan ka tarar nauyinka yana kan hagu, to akwai inda ka taɓa ƙasa da ƙafa ba ka hau kanta ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a makon farko, kuma maganinsa a yi takun a hankali ƙwarai ba tare da kiɗa ba, ana ɗaga ƙafar da ba ta ɗauke da nauyi sama da ƙasa kaɗan a kowane taku.

Idan kiɗa ya yi sauri, taku uku-ukun nan ba ya yiwuwa ga mai koyo, kuma in kiɗa ya canza rawa ma dole ta canza. Sai ka rage: takun baya yadda yake, sannan taku ɗaya na hagu da zai cinye uku da huɗu, taku ɗaya na dama da zai cinye biyar da shida. Wasu suna cike gurbin da ɗan taɓa ƙasa, wato taɓa-taka, taɓa-taka. Juyi duka suna aiki da wannan ragaggen takun, kuma babu laifi kai kana yin ragagge ita tana yin cikakke, muddin takun bayanku ya zo tare.

Tsawon taku kada ya wuce faɗin tafin ƙafarka. Gwiwa a ɗan sake, nauyi a gaban tafin ƙafa, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba. Motsin jiki ƙasa yake yi, ba sama ba. A nan wanda ya tashi yana ganin rawar biki a gida yana da riba, don sakin gwiwa da kafaɗa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Abin da zai zame maka sabo shi ne hannu, tunda yawancin rawarmu kowa jikinsa yake ji da shi, ko a layi ko a da'ira.

Hannu, inda rawar take gyaruwa ko ta lalace

A nan zan daɗe, don mutanen da ake gudun rawa da su ba don ƙafarsu ake gudunsu ba, don hannunsu ne.

Hannunka na hagu yana riƙe da nata na dama, a daidai tsayin ƙugunta. Ka miƙa yatsunka a ɗan lanƙwashe, tafin yana kallon sama ko yana kallon cikinka, ita ta rataya nata yatsun a kai. Babban yatsa ba shi da aiki. Da zarar ka danne bayan hannunta da shi, ka hana hannun juyawa, kuma in ta zo juyi wuyan hannunta ne zai murɗe. Riƙon ya zama wanda ko wannenku zai iya zare hannunsa a kowane lokaci ba tare da ya fizge ba.

Gwiwar hannu tana zama kusa da haƙarƙari, a ɗan gabansu, kuma ba ta miƙewa sarai. Idan kuka yi takun baya tare, jikinku ya nisanta, hannuwa suka ɗan ɗaure kamar robar danko da aka ja, wannan ɗaurin ne yake dawo da ku a kan biyu. Ba kai kake jawo ta da ƙarfin dantse ba. Haka idan kuka matso, tafi ya ɗan tokare tafi, tokarewar ce take ba ta ƙarfin juyi. Duk saƙon da jagora yake aikawa ta cikin ja da tokarewar nan yake bi, kuma daga jiki yake fitowa: in kana son ta zo gaba, kai ka matsar da jikinka, hannu ya biyo.

Kurakurai biyu ne suke kishiyar juna. Na farko sakakken hannu: mabiyiya ta bar hannunta ya yi laƙwas, jagora ya ja, hannun ya tafi jikin bai bi ba, sai ya ƙara ƙarfi, daga nan ciwon kafaɗa yake farawa. Na biyu sandararren hannu: kowa ya ƙage, ana kokawa, kafin waƙa biyu an gaji. Ga gwajin da nake sa masu koyo su yi. Ku tsaya ku haɗa tafukan hannu biyu, ita ta rufe ido. Ka yi tafiya gaba taku uku, baya taku uku, ba tare da ka faɗa mata ba. Idan tana bin ka kuma tazarar da ke tsakanin ƙirjinku ba ta canza ba, riƙon ya yi. Idan gwiwar hannunta tana wucewa bayan jikinta, ya yi sako-sako. Minti biyar na wannan ya fi awa guda ana koyon sabon juyi.

Akwai kuma riƙon kusa, wanda yawanci da shi ake fara waƙa: hannunka na dama a kan allon kafaɗarta na hagu, ba a ƙugu ba, nata na hagu a kan dantsenka, ɗaya hannun kuma kamar yadda na faɗa. Akwai sarari tsakanin jikinku.

Juyin da za su ishe ka

Na farko shi ne fitar da ita daga riƙon kusa. Bayan takun baya, a kan uku-da-huɗu ka ɗaga hannunka na hagu, ta wuce ta ƙarƙashinsa tana juyawa zuwa damanta, a kan biyar-da-shida ka sauke hannun zuwa ƙugu kuna fuskantar juna. Na biyu shi ne dawowa: takun baya, ka ɗaga hannun ka kai shi wajen kafaɗarka ta dama, ta wuce ta gefen damanka tana juyawa zuwa hagunta, kai ma ka juya ka fuskance ta, kun yi musayar wuri ke nan. Na uku shi ne juyin saki: a kan uku-da-huɗu hannu yana ƙasa kuna tokare juna, a ƙarshen huɗu ka ɗan tura ka saki, ta juya zagaye guda zuwa dama a kan ƙafar damanta, ka karɓi hannun a kan biyar-da-shida. Na huɗu shi ne ka juya kai da kanka, kana sauya hannunta daga hannu zuwa hannu ta bayan ƙugunka.

Abin da yake ɓata juyi kusan koyaushe ɗaya ne daga cikin abu uku. Ko an ɗaga hannu a makare, ta riga ta taho ba ta san juyi ake so ba. Ya kamata saƙon ya fara tun ana dawowa daga takun baya. Ko an ɗaga shi da nisa sama har ta miƙe a kan yatsu. Tsayin da ake so ɗan sama da kanta ne kaɗan, kamar faɗin tafi ɗaya, kuma hannun yana gaban goshinta, ba bayan ƙeyarta ba. Ko kuma jagora yana juya hannun da faɗi yana jujjuya ta da ƙarfi. Ita take juya kanta, hannunka alama ce da madogara. Idan juyi ya cije a tsakiya, saki hannun nan take. Kafaɗar da aka ja baya alhali hannu yana sama ita ce ta fi saurin jin rauni a wannan rawa.

Ga uwargida kuma: kada ta yi hasashen abin da za ka yi. A aji kowa ya san juyin da ake koya, sai mabiyiya ta riƙa tafiya tun ba a jagorance ta ba, shi kuma jagora ya zaci ya iya. Ranar da suka shiga fili sai asiri ya tonu. Idan ba ta ji saƙo ba, ta ci gaba da takunta a inda take. Maganin jiri shi ne ta zaɓi abu ɗaya, misali ƙirjinka, ta riƙe shi da ido har sai dole, sannan ta juya kai da sauri ta sake nemo shi. Kai kuma kada ka jera mata juyi fiye da biyu ko uku ba tare da ka sa taku na hutawa a tsakani ba.

Takalmi da sutura

Tafin takalmi ya zama na fata ko wani abu mai ɗan santsi. Takalmin gudu mai tafin roba yana kama katako, ƙafa ta tsaya jiki ya juya, gwiwa ce take biya. Takalmin ya zama mai igiya ko maɗauri, mai rufaffen diddige, ba silifa ba, dunduniya kuma gajera. Ba sai kun sayi na rawa tun farko ba, takalmin fita na fata ya wadatar. Kada a zuba hoda a ƙasa don a sami santsi, wani zai zame. A gida ku guji atisayen juyi a kan kafet, kuma siminti tsirara yana gajiyar da gwiwa da wuri.

Tufafi ba dole sai na shekarun 1950 ba, ko da za ka ga masu sa su. Abin dubawa shi ne abin da zai sarƙe hannu: riga mai faɗin hannu, gyale mai lilo, awarwaro, babban zobe, agogo mai kaifin baki. Mai sa ɗankwali ko ɗan hijabi ta ɗaure shi tsaf ta cusa jelarsa, don hannu yana wucewa ta saman kai sau da yawa a kowace waƙa. Zani mai matse gwiwa yana hana taku. Doguwar riga mai faɗin ƙasa da wando a ciki ta fi. Kai kuma ka tafi da rigar canji da ɗan tawul, gumin ba kaɗan ba ne.

Batun musayar abokin rawa

A yawancin azuzuwa malami yakan ce a matsa duk bayan minti biyu ko uku, kowa ya koma wurin na gaba. Dalilin koyarwa ne: mata da miji da suke rawa da juna kawai sukan saba da kurakuran juna har su daina jinsu, kuma sun fi kowa saurin yi wa juna gyara da faɗa. Amma ba dole ba ne. Ku je da wuri ku gaya wa malamin ba za ku yi musaya ba, sai ya tsayar da ku a ƙarshen layi ko a gefe. Abu ne da aka saba gani, ma'aurata da yawa suna yin haka saboda dalilansu, kuma ba sai kun yi dogon bayani ba. A fili kuma in wani ya nemi rawa, "na gode, da maigidana kawai nake yi" ta wadatar.

Sai dai ku san abin da kuka rasa, ku nemi madadinsa. Ku roƙi malami ya tsaya ya kalle ku sau ɗaya ko biyu a kowane darasi. Uwargida za ta iya rawa da mata masu jagoranci, suna da yawa tunda mata sukan fi maza yawa a aji, kai ma ka gwada da malami namiji don ka ji yadda riƙo mai kyau yake a hannu. Ku ɗauki kanku a bidiyo da waya daga gefe, ƙafa da hannu duka su fito. Ku kuma yi yarjejeniya cewa ba mai gyara wa wani a tsakiyar waƙa.

Akwai ma raye-rayen da ba a riƙe kowa. A irin daren nan na tsofaffin faya-fayai ana saka waƙoƙi masu sanyi don rawar layi da ake kira sitirol, inda mutane, akasari mata, suke jeruwa suna taku iri ɗaya, da kuma bop, wanda kowa yake yi shi kaɗai. Ta nan ma ana sanin mutane, don rabin zumuncin a bakin tebur ake yinsa tsakanin waƙa da waƙa. Wani abin da ya kamata ka bincika tun kafin ku je shi ne wurin kansa: wasu a mashaya ake yi, wasu a ɗakin taron unguwa inda shayi da ruwa kawai ake sha. Hukuncin addini a kan kiɗa da cuɗanya ba fagena ba ne, wannan sai malamin da ka yarda da shi. Ni abin da zan iya gaya maka shi ne yadda wuraren suke da zaɓin da kake da shi.

Wata nawa?

A abin da nake gani, mai zuwa aji sau ɗaya a mako, yana kuma yin minti goma na taku a gida kusan kullum, yakan iya rawar waƙa mai matsakaicin sauri daga farko har ƙarshe cikin mako shida zuwa takwas. Sakewa, wato ya daina ƙirga da baki ya fara kallon abokin rawarsa, tana ɗaukar wata uku zuwa shida. Jagora ya fi shan wahala a farko, don yana tunanin ƙafarsa da abin da zai yi gaba da kuma mutanen da ke kewaye a lokaci guda, saboda haka kada ka karaya in ka ga uwargida ta riga ka. Daga baya ita ma nata aikin zai ƙaru, lokacin da ake neman daidaito a juyi.

Kada ku jira sai kun iya kafin ku shiga fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawanci bayan darasi akan saki kiɗa a yi rawa ba koyarwa. Ku tsaya ko waƙa uku ce tun daga daren farko. Waƙoƙin gajeru ne, minti biyu zuwa uku. Idan kuka ɓata, ku tsaya, ku saurari tafin, ku sake farawa da takun baya. Ba mai kallonku kamar yadda kuke zato. Ku tsaya a wuri ɗaya, don wannan rawa ba ta zagaya ɗaki. Kafin ka tura ta wani gefe ka duba ko akwai sarari, in fili ya cika a ƙara rage taku, in an yi karo kowa ya ba da haƙuri ko ba shi ya jawo ba.

Daga nesa ba zan iya ganin ƙafarka ko in ji nauyin hannunka ba, kuma riƙo abu ne da sai an taɓa ake gyara shi, don haka bidiyo ya zama abin tuni bayan darasi, kada ya zama malaminku. Idan ɗayanku yana da ciwon gwiwa, ko na kafaɗa, ko hawan jini, ko matsalar zuciya, a ji ta bakin likita tukuna, don a bugu 170 rawar nan daidai take da sassarfa. In an ba ku izini, ku fara da ragaggen taku, ku ɗumama idon sawu da kafaɗa na minti biyar kafin a fara, ku zauna waƙa ɗaya bayan kowace biyu a makonnin farko. Ciwon tsoka washegari ba abin damuwa ba ne, amma zafi mai suka a cikin gwiwa lokacin juyi alama ce ta a tsaya a duba takalmi da ƙasa kafin a ci gaba.